Riga Ta Goma Sha Shida

Ku da kuke zana tambari a waya kafin kokon da kuka saya ya huce, na san abin da kuke faɗa idan kun wuce ƙofar shagona. Kuna cewa ga tsohon nan mai buroshi. Ba na jin haushi, don da gaskiyarku, tsohon ne, kuma buroshin yana nan. Amma tun da yau kun zauna, bari in gaya muku abin da ba kowa ya sani ba a Zongon nan. Sunana Awudu. Na fi shekara talatin ina rubuta allunan shaguna, ina buga fosta da rigunan ƙwallo, kuma har yau maigidana bai yaye ni ba. A ƙa'idar sana'armu, ni ɗan koyo ne mai furfura.

Yaye, wanda a nan muke ce wa firidom, ba takarda ba ce. Ranar da ka gama koyo, wanda ya kawo ka shago shi zai sake kawo ka, da goro da lemo. A tara masu sana'a, maigida ya faɗi halinka a gaban kowa, mai kyau da marar kyau, ya sa maka albarka, ya ɗora maka buroshi a tafin hannu. Daga ranar kana iya sa sunanka a ƙofar shago, kana iya yaye naka 'yan koyon. Wanda ba a yi wa haka ba, ko ya fi kowa hannu, ba ya yaye wani. Ba hukuma ce ta kafa dokar ba, ba kuma mai kama ka. Masu sana'a ne kawai ba za su zo su zauna ba.

Babana ne ya kai ni wurin Masta Issaka ina ɗan shekara goma sha biyar. Baba mai ɗaure huhun goro ne, kuma ya gaji da ganin zanen gawayi a bangon ɗakinmu. Shagon Masta rumfar katako ce a bayan masallacin layinmu, tana warin fenti da kananzir tun daga bakin titi. Shi kansa Masta ɗan siriri ne, fensir a bayan kunne, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma yabo. Idan aikinka ya yi kyau, sai ya miƙo maka wani. Idan bai yi ba, sai ya miƙo maka tsumma.

Shekarar farko ban taɓa allon kowa ba. Wanke buroshi, goge katako, shafa farin fenti na ƙasa, sai kuma rubuta harafi biyu a tsofaffin jaridu, O da S, daga safe har la'asar. Na ce wa Kwaku, ɗan Asante da ya riga ni zuwa da shekara guda, ni fa ba O na zo koya ba. Ya yi dariya ya ce, "Cale, abokina, ni wata takwas na yi a kan S kaɗai. Ka yi shiru kawai." Kwaku ne mai zana fuskoki. Masta ba ya zana abu mai rai, don haka kawunan da ake jerawa a allon masu aski, da manyan hotunan fim da muke yi a kan buhun fulawa don gidajen bidiyo, duk na Kwaku ne. Mu namu haruffa.

Allon wani mai sayar da magani a Adum, can tsakiyar birni, shi ne aiki na farko da aka bar mini. Kwana uku na yi a kansa, na yi wa kowane harafi inuwa da ƙawa, har na fara tausayin Masta don na ga na kusa wuce shi. Da muka kafa allon, sai ya ce in je in hau trotro, motar haya, in wuce ta gabansa. Na hau, na wuce, na dawo a ƙafa.

"Me ka karanta?"

"Masta, mota tana gudu."

"Mai ciwon ciki ma a mota yake. Sauke allon."

Abin da ya koya mini ke nan, wanda babu wayar da za ta koya muku. Ba haruffa ake aunawa ba, filin da ke tsakaninsu ake aunawa, kuma da ido, ba da ma'auni ba. Ja a kan kore yana rawa a ido. Rawaya a kan fari ɓata fenti ne. Sunan shago ya fi sunan mai shago girma, ko da mai shagon Alhaji ne kuma yana tsaye a kanka.

Yana da wata tambaya da yake yi wa kowane aiki kafin ya taɓa shi: ina abin nan zai ƙare? Fosta, in ji shi, kwana bakwai take yi a bango, daga nan ta koma ƙunshin ƙosai ko ta faɗa kwata. Riga kuma, komai kyanta, tsumma za ta zama. Saboda haka idan aka kawo fostar maulidi ko ta wa'azi, yakan rubuta wuri da rana da sunan mai wa'azi, amma ba ya sa sunan Allah ko aya a takardar da za a manna a titi. Waɗannan sai a ƙyallen da za a rataya sama, a sauke, a ninke, a ajiye. Mutane sun sha yin fushi su kai aikinsu wani wuri, bai taɓa kiran kowa ya dawo ba.

Lambar rigar ƙwallo ce ta fara sa na ji ni ma wani ne. Babu injin manna lamba a lokacin. Tsofaffin hotunan ƙashi na asibiti muke samowa, mu zana lamba a kai, mu yanke da rabin reza. Ba sa jiƙewa, ba sa yagewa. Idan ka ɗaga lamba bakwai ɗinmu a rana, haƙarƙarin wani bawan Allah za ka gani a jikinta. Takwas ce mai wahala, ita da shida da tara, domin cikinsu zai faɗo idan ba ka bar masa 'yar gada ba, Masta kuma ba ya son a ga gurbin gadar a riga. Sai ka buga, ka bari ta sha iska, ka bi da ƙaramin buroshi ka cike, yadda ko mai rigar ba zai gane ba. Tambarin ƙirji kuwa da firam ake buga shi, katako huɗu da aka ja wa yadi mai laushi irin na tace koko, a ja tawada a kai da robar da muke yankowa daga tsohon silifa. Ina kewar ƙarar robar nan a kan yadi, wallahi. Har yanzu idan na tuna ta, hannuna yakan motsa.

Ana saura wata shida a yaye ni, Koci Mumuni ya kawo riguna goma sha shida, kore shar, ba komai a jikinsu. Direban tasi ne, mutumin arewa wanda Hausa ba harshensa ba ce, shi ke riƙe da ƙungiyar unguwarmu, Walƙiya. Galar Sallah ta matso, gasar da unguwanni ke yi bayan ƙaramar Sallah, kuma shekara biyu a jere yaran unguwar Sofoline suna fitar da mu a wasan ƙarshe. Masta zai tafi garin Salaga ta'aziyya, sai ya bar mini aikin gaba ɗaya: farar lamba a baya, alamar walƙiya a ƙirji. Ya faɗa ya ɗauki jakarsa.

Washegari Koci ya dawo shi kaɗai.

"Awudu, bana sai mun sa addu'a a riga nan. Yara Sofoline suna da asiri paa, ba kaɗan ba. Ka sa mana Masha Allah da larabci, nan a kirji, babba."

Na san dokar Masta kamar yadda na san sunana. Amma ni na yi makarantar allo kafin in zo shago, kuma rubutuna na larabci ya fi na boko kyau nesa ba kusa ba. Shekara biyar ba a taɓa ba ni inda zan nuna shi ba. Na ɗauki fensir don in gwada kawai. Na zagaye kalmomin cikin da'ira, na sa walƙiyar ta ratsa ta ƙarƙashinsu, fari a kan kore. Da na ɗaga takardar, na san ban taɓa yin abu mai kyau kamar wannan ba, kuma gaskiya ban ƙara yi ba.

Kwaku ya leƙo ta kafaɗata. "Ya yi kyau," in ji shi. "Amma Masta ba zai so ba koraa, ko kaɗan. Ni ba Musulmi ba ne, amma na sani."

Na ce masa ya koma kan kawunan askinsa.

Kwana uku bayan Sallah aka yi wasan ƙarshe. An kwana ana ruwa, filin ya zama jan laka. Yaranmu suka fito cikin rigunan, jama'a suka ɗauki ihu, ni kuwa ina bakin layi kaina ya yi girman tulu. Ban san Masta ya dawo da safiyar nan ba sai da na hango shi a rumfar dattawa, kusa da Malam Garba, limamin masallacinmu. Ana cikin haka ɗan wasan gabanmu ya zura ƙwallo. Ya sheƙo da gudu, ya zube da ƙirji, ya zame a cikin laka har gaban rumfar. Da ya miƙe, laka ta rufe tambarin. Duk filin yana tsalle, rumfar dattawa ce kaɗai ba ta motsa ba. Bayan hutun rabin lokaci aka ture mana ɗan wasa, wani ya bi ta kansa da takalmi. Da aka tashi mun ci, yara suka tuɓe rigunan suka jibge a ƙasa, wani ya zauna a kai, wani ya ja guda yana goge takalminsa.

A cikin tulin nan akwai guda da ba ta taɓa laka ba, lamba goma sha shida, ta Sule, wanda bai shiga wasa ba. Na dubi fuskar Masta daga nesa na san abin da zai faru da rigunan. Na sunkuya kamar mai tattarawa, na cusa ta a cikin rigata.

Da safe Malam Garba ya zo shago. Bai ko dube ni ba, don aikin da ya fito daga shago na mai shago ne.

"Issaka, ban zaci haka daga wurinka ba."

"Laifina ne, Malam. Allah Ya yafe mana. Zan gyara."

Bai ce ba ya gari ba, bai ce yarona ne ba. Na so a ce ya mare ni a gaban liman, da ya fi mini sauƙi. Ya aika Koci ya kawo rigunan. Da hannunsa ya wanke su ɗaya bayan ɗaya a sabon baho. Da suka bushe ya ce in riƙe masa, in ja yadin ya miƙe. Ina riƙe, yana zagaye tambarin da reza, yana cirewa, yana ajiyewa a faranti mai tsabta. Aikina na kwana huɗu, ni ke riƙe masa shi yana yankewa. Daga baya ya ƙona tamburan da ya yanke ya binne tokar a bayan masallaci, ya kai rigunan wurin tela aka toshe, aka buga walƙiya ita kaɗai. Amma kafin nan sai da ya ƙirga abin da ke farantin.

"Awudu, riga nawa ka buga?"

"Sha shida, Masta."

"Ga sha biyar."

Koci ya ce wataƙila Sule ne ya tafi da tasa, don da asuba ya bi wata babbar mota zuwa Abidjan neman aiki. Masta ya juyo ya dube ni. Na ce, "Na gan ta a hannunsa."

Masta ya ce, "Ranar da rigar nan ta shigo shagon nan, washegari ka zo da babanka in yaye ka. Kafin nan, a'a. Ba zan sallami mutum ba alhali aikinsa yana can ana goge ƙafa da shi."

Rigar tana cikin akwatina, a ƙarƙashin kayan Sallah, a naɗe cikin farin yadi. Tafiyar minti biyar ce daga shago. Watan farko abin da ya hana ni kawo ta shi ne ba zan iya ganin reza a kanta ba. Bayan wannan kuma, fuskar Masta ce ba zan iya gani ba. Domin ya fara nema. Duk direban da zai bi hanyar Abidjan sai ya ba shi saƙo a nemi Sule, ba a kuwa same shi ba. Idan muka je kafa allo a Sofoline, sai ya ratsa ta wurin makanikai yana ɗaga tsummokaransu masu baƙin mai ɗaya ɗaya. Na taɓa ganinsa a kasuwa ya sunkuya ya ɗauki wani koren tsumma daga teburin mai tumatir, ya buɗe, ya mayar, ya ba ta haƙuri. Ina tsaye a bayansa riƙe da gwangwanin fenti. Kowace rana da ta wuce, faɗin gaskiya yana ƙara nauyi, don yanzu ba ɓoye riga kaɗai zan amsa ba, har da tsayawa ina kallonsa yana nema.

Aka yaye Kwaku, ni na jera kujeru. Baba ya tambaye ni nawa yaushe, na ce Masta mutum ne mai riƙo. Baba ya je ya roƙe shi sau biyu, Masta ya ce magana ɗaya ce, riga. Baba ya rasu yana ganin an zalunci ɗansa. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi ci mini rai, don ba ni da inda zan je in gyara ta.

Ban yi faɗa da Masta ba. Wata Litinin ce kawai ban je ba, Talata ma haka. Na kafa tebur a ɗaya gefen Zongo, na rubuta ANA RUBUTU A NAN, ba suna. Aiki ya zo, don hannu ba ya ɓuya. Na rubuta allunan masu waakye, wato shinkafa da wake, da masu ɗinki, na yi bayan motoci, na buga rigunan makarantun Islamiyya da na ƙungiyoyin mata masu biki. Ko sau ɗaya ban ƙara sa sunan Allah a abin da zai taɓa ƙasa ba. Mutane suna ce mini Masta Awudu, ina amsawa. Idan na hango Masta Issaka a jana'iza ko ɗaurin aure, sai in gaishe shi daga inda ba zai iya riƙe hannuna ba.

Sai shekarar da manyan injuna suka sauka a Adum. Abin da nake kwana uku ina yi, sai su fitar da shi kafin ka gama cin kwano ɗaya na tuwo, da hoton mai shago yana murmushi a kai. Rigunan ƙwallo kuma suka fara zuwa cikin dilar gwanjo da lambobinsu da sunayen Turawa a baya, yara suna rububi. Wata uku a shekarar nan aikin da na samu kaɗai shi ne rubuta KADA A YI FITSARI A NAN a bangon mutane. Na rubuta shi da kyau, ban da abin yi. Har yau akwai guda a kusa da tasha, filin haruffansa daidai, kuma ba wanda ya taɓa bin umarninsa. Buroshina na gashi masu tsada suka bushe a gwangwani. Kwaku ya sayi kwamfuta ya koma fostar jana'izar Asante, ya yi tumbi.

Memuna ce ta fitar da ni. 'Yar maƙwabcina ce, Alhaji Seidu, ta gama sakandare tana da tsohuwar kwamfuta da ba ta san abin da za ta yi da ita ba. Babanta ya kawo ta da goro kamar yadda ake yi. Ita ta koya mini riƙe linzamin kwamfuta, tana dariya don ina danna shi kamar zan kashe kunama. Ni na koya mata abin da injin bai sani ba. Aikinmu na farko tare takardar kwalbar shiton Hajiya Adiza ce, yajin nan da take soyawa tana kaiwa shaguna. Memuna ta cika takardar da furanni da haruffa iri biyar. Na ce ta ɗora kwalbar a kan katanga, ta tsallaka titi ta gaya mini abin da ta gani. Ta dawo tana ɓata rai. Muka bar barkono uku ja a kan rawaya, da sunan Hajiya babba. Yau ko wanda bai iya karatu ba yana shiga shago ya ce a ba shi mai barkono uku.

Shekara shida tana wurina. Hannunta ya wuce nawa a inji, idonta kuma ya kusa kama na Masta. Wata rana Alhaji Seidu ya zo ya zauna a bencin nan da kuke kai.

"Masta Awudu, yarinya ta samu shago a Sofoline. Yaushe za mu yi firidom? Ka sa rana, mu mun shirya."

Na ce ya ba ni mako guda. Da ya tafi na zauna ina kallon bango. Duk tsofaffin masu sana'a sun san ba a yaye ni ba, kunya ce kawai ta hana su faɗa. Idan na kira taro, ba za su zo ba, kuma yarinyar da ba ta yi laifin komai ba ita za ta tsaya a gaban kujeru babu kowa. Na je gida na buɗe akwati. Koren bai dushe ba ko kaɗan, don rana ba ta taɓa ganinsa ba.

Masta ya daɗe da rufe shago. Yana unguwar Kwadaso wurin 'yarsa Hajara, wadda na sani tun tana rarrafe a cikin gwangwanayen fenti. Na je ranar Juma'a da hantsi. Ta tare ni a ƙofa.

"Yaya Awudu! Yau kai ne? Shigo. Amma ka yi haƙuri, Baba ya fara manta mutane. Wani lokaci ni ma sai ya ce wace ce."

Yana zaune a baranda a kujerar roba, ya ƙanƙance, hannunsa yana rawa a kan gwiwa. Na cire takalmi na durƙusa. Na gaishe shi, ya amsa da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Na warware farin yadin na ɗora masa rigar a cinya. Sannan na faɗi komai. Na ce ba Sule ba ne, ni ne, tun ranar wasan tana akwatina, ina kallo yana ɗaga tsummokara ban yi magana ba. Na ce ya yafe mini. Shekara talatin ina shirya maganar nan, ta fita cikin minti biyu.

Ban san ko ya ji ba. Idonsa yana kan tambarin. Ya bi da'irar da yatsa, ya nisanta rigar daga fuskarsa yadda yake yi wa allo, ya karkata kai.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, Masta."

"Hannun yana da kyau," in ji shi. "Dubi yadda ya bar wa kowane harafi wurinsa. Wannan ya iya."

Shekara shida na yi a shagonsa ban ji wannan kalma ba. Na sunkuyar da kai don kada Hajara ta ga idona.

Sai ya ce, "Hajara, kawo reza."

Ta dube ni, na ɗaga mata kai. Ta kawo sabuwa. Ya karya ta biyu a cikin takardarta kamar yadda ya saba. Ba wanda ya ce mini in riƙe, hannuna ne ya kama yadin ya ja shi ya miƙe. Hannun nan da ba ya iya riƙe kofin shayi ya zagaye tambarin a tafiya ɗaya, bai kauce ba ko da faɗin zare. Ya cire shi, ya ninke, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya dafa da tafin hannu. Ya juya rigar ya ga lambar.

"Sha shida," ya ce. "Alhamdu lillahi. Ta cika."

Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. Sannan ya dube ni sosai, karo na farko tun da na shigo.

"Bawan Allah, daga Zongo kake? Ka san Awudu, yarona, ɗan mai goro?"

"Masta, ni ne Awudu."

Ya yi ɗan murmushi, irin na wanda ake tsokana. "A'a. Awudu yaro ne, ko gemu ba shi da shi. Don Allah idan ka koma ka gaya masa riga ta dawo. Gobe ya zo da babansa in yaye shi. Na riƙe yaron nan ya daɗe."

Hajara ta durƙusa kusa da shi. "Baba, ai shi ne wannan. Ka sa masa albarka kawai, ga shi a gabanka."

"Ke, ba a wasa da wannan. Yaya zan yaye mutumin da ban koya wa komai ba?" Ya juyo gare ni. "Za ka gaya masa?"

Na ce, "To, Masta. Zan gaya masa."

Kwaku ne ya yaye Memuna. Na je na same shi na faɗa masa komai, ya ce, "Yoo, na ji. Zan zo." Masu sana'a suka cika kujeru, shi ya faɗi halinta daga abin da na gaya masa, shi ya ɗora mata buroshi a hannu. Ni na zagaya da farantin goro.

Na koma Kwadaso Juma'a biyar a jere, ko Allah zai sa wata rana ya farka da ni a idonsa. Kowane zuwa yakan karɓe ni da fara'a, ya tambaye ni ko daga Zongo nake, ya ba ni saƙon nan, ni kuma in karɓa. A zuwa na ƙarshe har ya ɗan yi fushi, ya ce yaron nan ya cika taurin kai, an ce ya zo ya ƙi zuwa. Ya rasu kafin azumi.

Saƙon yana wurina har yanzu. Baba yana maƙabartar Tafo, shi kuwa yaron da Masta yake jira, ni ma na daɗe rabona da shi.